Farfesa Ya Gyara Littafin Ɗinki

A layinmu in ka ce "Farfesa", ba mai tambayarka wanne. Mutum ɗaya ne: dogo, mai ɗan tumbi, da biro uku a aljihun gaba, da tabarau a goshi wanda ban taɓa ganin ya sauko kan idonsa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin ƙofar wani ɗakin karatu, yana karɓar jakunkunan masu shiga yana ba su lamba. Da ya yi ritaya sai ya dawo mana da ilimin ginin kaf a kansa. In an ja da shi sai ya ce, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni da littafi dubu tamanin muka yi zaman." Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Shi dai bai taɓa ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba.

Ƙanwarsa ita ce Malamarmu. Mu goma sha biyu muke koyon ɗinki a wurinta, a wani ɗaki na cibiyar koyon sana'a da ke ƙarshen layi, keke shida, mutum biyu-biyu. Ni kekenmu ɗaya da Gwaggo, tsohuwar da ta girmi kowa a ajin har da Malama, wadda ta ce ta gaji da alƙawarin teloli shi ya sa ta zo ta koya da kanta.

Manajan cibiyar ya daɗe yana hararar ɗakin nan, yana so ya mai da shi ma'ajiyar kujeru. Bai ɓoye mana ba. Ya ce ranar Alhamis jami'a mai duba azuzuwa za ta zo. In ta ga kowacce ta yanka riga ta ɗinka da hannunta, aji ya ci gaba, mu sami takardar shaida. In ba ta gamsu ba, a kwashe kekuna a sa kwaɗo. Ya dire mana bandir ɗaya na shuɗin yadi, ya ce ko ƙyalle ba zai ƙara ba. Wata bakwai muna taka keken nan, ni dai har ga Allah raina yana kan takardar.

Malama ta samo mana littafin koyon yanka riga a intanet. Wata tela ce a wata ƙasa mai nisa ta rubuta shi, ta sake shi ga kowa. Riga ce mai sauƙi, irin wadda ake zurawa ta kai, kuma an zana gabanta da bayanta da hannu da kwala daidai girmansu. Bugawa za a yi, a yanke takardar, a ɗora a kan yadi, a bi da alli.

"Kowa na iya ɗauka," in ji Malama. "Ka buga, ka gyara shi daidai da ɗalibanka, ka ba wanda ka so. Sharaɗi uku ne kawai. Ka ambaci mai shi, ka faɗi abin da ka canza, naka ma ka bar shi a buɗe yadda ka same shi."

Sai ga shi ranar Lahadi an kira ta, 'yarta na naƙuda a wani gari kuma abin ya zo da gardama. Wayar Malama ƙarama ce, a wayar yayanta ta sauke littafin. Ta damƙa masa mabuɗin aji tana ɗaura gyale.

"Yaya, don Allah ka kai wa mai fotokwafi. Kwafi goma sha biyu. Bugawa kawai. Kada ka taɓa komai."

"Haba, ƙanwata," in ji shi. "Ni za a koya wa riƙon littafi?"

Mai fotokwafin mijina ne, kuma da safe nakan zauna a shagon ina taya shi haɗa takardu. Saboda haka a kan idona aka yi komai. Ranar Litinin tun ba mu gama share shago ba Farfesa ya shigo, ya ja kujera gaban kwamfuta, ya ce a buɗe masa shafin farko. Baban yara ya karanta masa sharuɗɗan. Da ya zo wurin da aka ce an yarda a gyara, sai Farfesa ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Maimaita."

"An yarda a gyara."

"Allahu akbar. Ka ga mai ilimin gaske. Matar nan ta san akwai irinmu a duniya, shi ya sa ta bar ƙofa a buɗe."

"Malama fa ta ce bugawa kawai," na ce.

"Malama ƙanwata ce. Ni na goya ta."

Ya sa aka buɗe shafin gaban riga. A kusurwa akwai wani ɗan akwati da aka zana, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa bayan an buga a auna shi, in bai cika inci huɗu ba kada a yanka yadi.

"Wannan na mene ne?"

"Na awo ne," in ji baban yara. "Da shi ake gane ko inji ya rage girman zane."

"Injinka yana da laifi ne?"

"Injina lafiyarsa ƙalau."

"To ka gani. Akwati fanko, ba komai a ciki. Cire shi ka sa hotona. Daidai wurin ma kamar don ni aka bar shi."

Baban yara ya dube ni, na dube shi. Mijina mutumin kirki ne, amma in aka yabi injinsa to an gama da shi. Akwati ya fita, Farfesa ya shiga, da tabaransa a goshi.

Daga nan ya ce kowane shafi yana bukatar tsokaci, don ɗalibi ya san tarihin abin da yake yi. Ya fara shifta, baban yara na bugawa. Tarihin riga tun daga ganye. Matsayin riga a wurin masana. Da aka gama, tsokacin ya ƙi shiga ƙasan shafi.

"Matse zanen," in ji Farfesa.

"In na matse zai ragu."

"Kaɗan ne. Zane ai misali ne, magana ita ce ilimi."

Aka matse gaban riga. Na baya ma aka matse, har ya fi na gaba matsuwa, don a nan Farfesa ya tuna da wani baƙo da ya taɓa ba shi jakarsa ajiya ya yaba masa hankali, kuma dole labarin ya shiga. Da aka zo shafin hannun riga sai ya sosa ƙeya. Ashe duk littafi dubu tamanin ba wanda ya yi maganar hannun riga.

"Shafin ya yi fayau," ya ce. "Mutane za su ce ba a yi aiki ba. Buɗa zanen ya cika takardar."

Aka buɗa. Kwala kuwa ya ce ba ta yi masa kyau ba. Ya sa aka nemo wani littafin, shi ma buɗaɗɗe ga kowa, ya ga wata 'yar kwala zagayayya ya ce ita ce. Na leƙa na ce, "Farfesa, wannan fa littafin kayan yara ne."

"Wuya wuya ne, 'yar nan. Na yaro da na babba duk kai ɗaya suke ɗauka."

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: bai ci amanar sharaɗi ba. Ya sa sunan telar a farko, da na mai littafin yaran, sannan nasa a ƙasa da harufan da suka ninka nasu uku. Ya kuma sa aka buɗe shafi guda a ƙarshe, ya jera duk abin da ya canza, ɗaya bayan ɗaya, yana lumshe ido don daɗi. Babban injin da ake buga wa magina zanen gida ya yi ta aman takarda har azahar.

Da la'asar ya buɗe mana aji, ya raba takardu, ya tsaya a wurin Malama da hannu a baya. Gwaggo ta shimfiɗa zanen gaba a kan tebur, ta ɗora na hannu a gefensa. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗana," ta ce, "wannan rigar mutum ɗaya ce ko ta mutum biyu?"

"Ta mutum ɗaya ce, Gwaggo."

"To wanne ne, mai jikin ko mai hannun? Don ban ga alamar sun san juna ba."

Aji ya kwashe da dariya. Farfesa ya ƙwanƙwasa tebur da biro.

"A takarda haka yake nunawa. In an ɗinka sai ya zauna. Wannan shi ake kira ilimin zane, ba a gane shi da ido."

"A bari mu auna da tef mana," na ce.

"Tef na wanda ba shi da littafi ne. Ke kin fi matar da ta rubuta sani? Kin fi ni?"

Nan ya kama mu. Wata bakwai kawai muka yi, kuma Malama da bakinta ta ce mu bi littafin sau da ƙafa. Mun kira wayarta a kashe, tana ɗakin haihuwa. Gwaggo ta ce ita dai ba za ta sa almakashi ba sai ta ji daga bakin Malama. Farfesa ya duba agogo ya ce Alhamis ba ta jiran kowa, wadda ba ta yanka yau ba ta cire kanta daga jarrabawa. Almakashi goma sha ɗaya suka kama aiki. Gwaggo ta yi tsaki, ta ɗauki nata tana cewa, "Allah ya sa mu ga alheri." Kafin a tashi bandir ya ƙare ƙarƙaf.

Ranar Talata aka fara haɗawa. Hannu ya ƙi shiga hammata. Ka kama nan, can ya kumbura, ka danne can, nan ya tashi. Farfesa ya ce a tattare shi, ai tattara ado ce. Muka tattara har allurar keke tana kuka, biyu suka karye. Kafaɗar gaba ta fi ta baya tsawo da yatsa biyu, ya ce a ja ta bayan. Muka ja. Da na ɗaga tawa sama bayan na gama, sai na ga abu kamar jemage ya buɗe fiffike. Ta kusa da ni kuwa ta fara hawaye.

Shi kuwa gogan a ranar ya cika sharaɗi na uku. Ya sa baban yara ya ɗora littafin a shafin da Malama ta samo na asali, ya kuma tura shi zauren hirar telolin unguwa na waya da saƙon murya na minti tara. Duk bayan sa'a sai ya leƙo shago.

"Mutum nawa suka ɗauka?"

"Goma sha huɗu."

"Ka gani? Duniya ta daɗe tana jira."

Zuwa yamma an kai sittin da uku. Ya bi layi yana gaisawa da mutane da hannu biyu, har da waɗanda ba su tambaye shi ba.

Safiyar Laraba muna shago, Farfesa na zaune yana jiran sabon adadi, sai ga mai askin bakin titi ya faɗo ciki. Wani sabon tela ne a zauren ya ga littafi daga hannun Farfesa, ya yarda, ya yanka wa mai askin yadin da ya kai masa. Rigar ta ɗame shi a ƙirji har ana ƙirga haƙarƙarinsa, wuyan kuwa sai da aka tsaga shi da reza kafin kai ya wuce. Hannayen sun sauko sun rufe yatsunsa suna lilo.

"Kai ne mai hoton nan?" in ji mai aski, yana kaɗa takarda da hannun da ba a gani.

"Ni ne. Ba sai ka yi godiya ba."

"Godiya? Da safen nan na ɗaga hannu zan gyara wa mutum saje, hannun riga ya shiga kwanon sabulu ya fito ya mare shi a ido! Ya tashi da rabin aski ya tafi!"

"Kai ka sa ta ba daidai ba. Naɗe hannun ake yi."

"Na naɗe sau bakwai!"

"To yi takwas."

Da ƙyar baban yara ya raba su. Mai aski ya fita yana jan hannun riga, mutanen layi na leƙowa ta tagogi. Mai sayar da katin waya ta ce masa in ya gaji da rigar ya ba ta hannu ɗaya ta yi labule.

Da shagon ya yi shiru, Farfesa ya matso kusa da kwamfuta, ya rage murya.

"Mai inji, ɗan janye littafin nan tukuna. Akwai wasu ƙananan abubuwa da zan ƙara."

"Daga shafin zan iya cirewa. Daga hannun mutum tamanin fa?"

"Ka ce su dawo da shi."

"Farfesa, kai ka sa hannu cewa kowa ya ɗauka, kowa ya raba. Tun jiya ya bar garin nan. Ga wani ma ya rubuto a ƙasa yana tambaya ko rigar tsuntsu ce."

Farfesa ya miƙe, ya gyara biro ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Haka aka yi wa duk wanda ya zo da sabon abu," ya ce. "Gobe masu ilimi za su zo, za ku ji."

Na bi shi da kallo, na ce a raina ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Yadi ya ƙare, kwana ya ƙare. Na ji haushinsa, na ji haushin mijina, na fi jin haushin kaina da na ga akwatin nan yana fita na yi shiru.

Ranar Alhamis Malama ta sauka daga mota kai tsaye ta nufo cibiya, da jakar asibiti a hannu. An sauka lafiya, an sami mace, fuskarta sai annuri. Ta shigo aji tana amsa barka, sai ta ɗaga kai ta ga riguna goma sha biyu a jere a kan igiya. Jakar ta sulale ƙasa.

"Yaya," ta ce a hankali. "Me na ce maka?"

"Kin ce bugawa. An buga."

Sai ga Manaja ya turo ƙofa, jami'a na biye da shi. Mace ce gajera mai furfura kaɗan, da tef rataye a wuya da allon rubutu a hannu. Manaja ya kalli igiya, ya kalli faɗin ɗakin, na ga leɓensa na motsi. Kujeru yake lissafawa.

Jami'a ta bi rigunan ɗaya bayan ɗaya. Ta kama hannun ɗaya ta ja, ta yi ta ja, har ta ja da baya taku biyu.

"Wa ya koyar da wannan?"

Malama ta buɗe baki, Farfesa ya riga ta.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Sabon tsari ne. A rataye ba ya nuna kansa, sai a jiki. Bari ki gani."

Kafin a hana shi ya tuɓe rigarsa ya rage singileti, ya fizgo ɗaya daga igiya. Tawa ce. Ya ɗaga hannu sama ya zura, hannayen suka shige salun-alun. Jikin rigar ya sauko zuwa hammata ya tsaya cak. Kai kuwa ya isa kwala ya tarar ba hanya. Abin da ya leƙo ta sama tsakiyar sanƙonsa ne kawai.

"Yanzu za ta zauna," muryarsa ta fito daga cikin yadi.

Ya ja ƙasa, ba ta sauka ba. Ya ja sama, ba ta fita ba. Ya juya yana lalube, hannayen riga na kaɗawa a sama, ya ture kwandon zare, ya taka ƙafar Manaja, ya rungumi keke. 'Yan ajin gyaran waya da ke maƙwabtaka da mu suka cika taga. Mai aski, da ya ji labarin jami'a ta zo ya taho kawo ƙara, ya tsaya a bakin ƙofa yana tafi da hannayen rigarsa.

"Naɗe ta sau takwas, Farfesa!"

"Wani ya ɗan riƙe min nan," in ji rigar. "Ba wai na maƙale ba ne."

Jami'a ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kwafin littafin a kan tebur, ta buɗe shafin ƙarshe, ta karanta da ƙarfi.

"Canje-canjen da na yi. Na ɗaya, na cire wani akwati marar amfani. Na biyu, na rage gaban riga don ilimi ya sami wuri. Na uku, na ƙara rage bayanta. Na huɗu, na buɗa hannu don shafi ya yi kyau. Na biyar, na kawo kwala mafi kyau daga littafin yara." Ta rufe. "Malam, ban taɓa ganin wanda ya rubuta laifinsa da tsabta haka ba."

"Na gode," in ji rigar.

Ta juya wurin Malama. "Na gane ba ke kika yi ba. Amma ni riga aka ce in duba, kuma ban ga riga ba." Ta cire murfin biro.

Malama ba ta roƙe ta ba. Ta tsaya kawai tana kallon kekunan nan shida, idonta ya kawo ruwa. Wallahi da ta yi kuka da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Sai Gwaggo ta miƙe, tana dafa gwiwa.

"'Yata, kafin ki rubuta. Yadin nan fa bai ɓata ba."

"Yaya bai ɓata ba, Gwaggo?"

"Yana nan duka. Ɗan nan bai ci ko zare ba, wurin zama kawai ya canza masa. Abin da aka hana ciki, ga shi can a hannu yana lilo. A rage hannu, a tsaga gefe a sa masa, a faɗaɗa wuya, ragowar a yi kwala. Tun ran Litinin nake kallonsa."

Jami'a ta dubi Gwaggo, ta dubi igiya. Ta mai da murfin biro.

"Ƙarfe nawa ake tashi?"

"Yau da safe aka fara, biyu za a tashi," in ji Manaja da sauri. "Kuma ba ma ƙara ko minti."

"To zuwa biyu. Kowacce ta gyara tata. Ba littafi, tef da alli kawai. Malama, ki zauna can, kada ki sa baki."

Kowacce ta ruga igiya. Ni kuwa tawa tana jikin Farfesa. Na ɗauko reza na same shi a jingine da bango yana haki.

"Farfesa, zan farke gefen. Kada ka motsa."

"Wace ce? Matar mai inji? 'Yar nan, ki bi a hankali. A ilimin farke ɗinki, ana farawa ne daga..."

"In ka yi magana cikinka na motsi."

Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi shiru na minti goma ba sai ranar. Da na zare masa rigar ya fito jiƙe da gumi yana ƙifta ido, jami'a ta ce tun da shi ya fara sa ta, a jikinsa za a gwada. Ta sa shi ya hau kan benci ya buɗe hannu. Na auna ƙirji, na auna kafaɗa, na auna wuya, ina faɗa tana rubutawa. Da na zo tumbi ya ja numfashi ya riƙe, Gwaggo ta ce daga kan keke, "Sake shi, ɗana, duk mun riga mun gani."

Ɗakin ya koma ƙarar keke da ƙarar almakashi. Jami'a na zagayawa tana tambaya. Me ya sa wannan kafaɗar ta ja? Inci nawa za ki ƙara a gefe? Don me kika bar rabin inci a nan? Abin mamaki, kowacce tana da amsa. Kwana biyu muna kokawa da rigunan nan, ba lungun da ba mu san ciwonsa ba. Wadda ta yi hawaye ran Talata ita ta fara gamawa.

Biyu saura minti biyar na zura wa Farfesa rigar. Kai ya wuce, kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya a wuyan hannu. Ɗinkin gefen ya ɗan karkace, jami'a ta gani, ta nuna mini da biro, ta wuce. Ta bi sauran goma sha ɗaya. Sannan ta zauna ta yi rubutu mai tsawo, ta sa hannu, ta miƙa wa Manaja.

"Aji ya ci gaba. Duka sha biyun sun ci. Yanka daga littafi kowa na iya yi, gyaran ɓarna shi ne ɗinki."

Manaja ya karɓi takardar kamar an miƙa masa garwashi. Malama ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ni ma ban tsaya tantancewa ba, na rungume Gwaggo.

Farfesa na ƙoƙarin sulalewa ta bayan mai aski, jami'a ta kira shi.

"Malam, littafin nan naka zan tafi da shi. Zan sa a buga wa sauran cibiyoyinmu, a ba ɗalibai tare da na asali, su nemo ɓarnar da ke ciki su gyara. Ban taɓa samun abin koyarwa irinsa ba."

"Ai ban ba da izini ba."

"Ka bayar tun ran da ka sake shi, ga shi a shafin farko. Abu ɗaya ne ya rage a hannunka. Sunanka. In ka ce a cire, a cire, ba wanda zai san kai ne."

"Yaya, ka ce a cire," in ji Malama, tana share ido. "Don girman Allah."

Farfesa ya tsaya a tsakiyar aji cikin shuɗiyar rigata, da zare na lilo a hammatarsa. Ya kalli ƙanwarsa. Ya kalli mutanen da ke taga. Ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, cibiyoyin nan guda nawa ne?"

"Arba'in da bakwai."

Ya daɗe yana kallon silin.

"A bar sunan," ya ce.